Darasi na 7: Me yaro yake koya a jardan?

A Tawa, da watan Oktoba ya kama, za ku ga ƙananan yara rataye da ƴan jakunkuna ana kai su jardan. Jardan makarantar share fage ce. Yaro yana zama cikinta kafin a rubuta shi ajin farko na lakwal, wato CI. Dokar ilimi ta Nijar ta 1998 ta sa ta cikin matakan karatu na ƙasa.

Iyaye da yawa suna ƙorafi. Sai ka ji uwa ta ce: "Malama, wata uku ke nan ɗana bai iya rubutu ba, kullum sai waƙa da wasa." Ku kwantar da hankalinku. Ba rubutu ne aikin farko ba. Ba a aza rufi sai gini ya bushe.

Abu na farko shi ne baki. Ɗan shekara 3 ya kamata ya faɗi sunansa, ya haɗa kalma uku ko huɗu. Ɗan shekara 5 kuwa yana iya ba da labarin abin da ya gani a kasuwa, daga farko har ƙarshe, baƙo ma ya gane. A nan ne ku iyaye kuka fi malama ƙarfi, ko da ba ku taɓa riƙe alli ba. Ku yi masa tatsuniya da dare. In kun kai tsakiya ku tsaya, ku tambaye shi: "To, me Gizo zai yi yanzu?" Ku bar shi ya amsa, ko da shirme ne. Yaron da ake ce wa "rufe mana baki" duk lokacin da ya yi tambaya, shi ne wanda zai yi tsit a aji. Kuma kada ku damu don da Hausa ko Tamashek yake magana. Wanda ya ƙware a harshen gida ya fi saurin ɗaukar wani harshe.

Sai hannu. Yatsun da za su riƙe alli suna bukatar horo. Tsintar wake, ƴar carafke, ɓare gyaɗa, gina shanu da laka, zane a kan rairayi, duk horo ne. Yaro yakan fara zana da'ira wajen shekara 3, daga baya ya zana mutum mai kai da ƙafafu. Haruffa suna zuwa bayan haka. Langa da tsalle da ƙafa ɗaya su ma suna cikin karatun.

Lissafi kuma ba haddar "ɗaya, biyu, uku" ba ce kawai. Ku ce ya miƙo muku albasa huɗu. In ya taɓa kowace yana ƙirgawa, ya tsaya a huɗu, ya gane.

Abin da malamai suka fi wahala a kansa shi ne zama da mutane: yaro ya jira layi, ya raba abin wasa, ya gaida manya, ya ce zai zagaya, ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Wannan daga gida yake farawa.

Yara ba sa tafiya daidai, wani ya riga wani. Amma in ɗan shekara 3 ba ya haɗa kalmomi, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, ko kunnensa yana ruwa, ku kai shi likita, kada ku jira. Kada kuma ya fita da safe ciki wayam. Ko kunu ne, ya sha.

Tattaunawa: Waɗanne wasanni kuka yi kuna yara da yanzu aka bari? Wa yake hira da yaro a gidanku, uwa kaɗai ko har da uba?

Aikin gida: Ku rubuta sunan ɗanku ko ƴarku da shekarunsa. A ƙasa ku rubuta abu uku da ya iya yi da kansa. Ku zo da takardar a zama na gaba.