Yadda za a bayyana halin layin da ke jiran buƙata

Layin PPP (hanyar haɗa kwamfuta biyu kai tsaye, kamar ta layin waya) da aka kunna da zaɓin demand, wato haɗi sai an buƙata, ba ya buga waya sai fakiti, wato ƙunshin bayanai, ya zo wucewa. Yayin da yake jira, kada tsarin kwamfuta ya ce layin ya mutu, domin manhajar sa ido za ta yi ta ƙararrawar banza, wata manhajar ma ta goge hanyar da fakitin zai bi ya tashe shi. Kada kuma ya ce yana aiki, tunda ba a yi haɗin ba tukuna.

Takardar ƙa'idar intanet RFC 2863 ta shekarar 2000 ta tanadi halin da ake kira dormant, lamba 5 a jerin halayen layi, wato barci da ido ɗaya. A bar ifAdminStatus (halin da mai kula ya sa wa layin) a up, wato a kunne, ifOperStatus (halin da layin yake ciki a zahiri) a dormant, sai haɗi ya kammala a mayar da ifOperStatus up. A Linux, duba fayil ɗin /sys/class/net/ppp0/operstate don ganin halin layin. Sau da yawa unknown za ka tarar, wanda bai gaya maka komai ba.