Yadda Ake Tattara Bayanan Lafiya da Waya a Ƙauyukan da Babu Sabis

Mai kula da ma'aikatan lafiya a karkarar Jigawa, musamman a Auyo da Guri da Kirikasamma inda ruwa kan datse hanya da damina, ya fara da zaɓen manhajar da ke aiki ko babu sabis. ODK Collect da KoboCollect duk suna hawa wayar Android kuma kyauta ake sauke su. Ana sauke fom inda akwai intanet, a bi gida-gida ana cikawa, bayanan kuma su zauna cikin wayar har a samu damar turawa. Idan mutum ɗaya za a riƙa bibiya, kamar mai juna biyu daga awon farko har haihuwa, manhajar CommCare ta fi dacewa. Kafin a tsara tambaya ko ɗaya, a zauna da jami'in bayanan lafiya na ƙaramar hukuma, domin rahoton wata-wata na asibitocinmu cikin DHIS2, rumbun bayanan lafiya na gwamnati, yake shiga, kuma fom ɗin da ya saɓa da rajistar asibiti aiki biyu zai jawo.

A ganina, tsara fom ne ya fi cancantar a ba shi lokaci. A rubuta tambayoyin da Hausar da za a faɗa wa uwa baki da baki, a rage rubutu, a yawaita amsoshin da ake taɓawa kawai. A sa wa kowane adadi iyaka: idan tsirin awon damtse ya nuna ƙasa da santimita 11.5 ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, fom ɗin da kansa ya umarci ma'aikaciya ta tura shi asibiti a ranar, domin wannan tamowa ce mai tsanani. Idan kuwa ta rubuta 115 a gurbin 11.5, ya ƙi karɓa.

Shekaru da suna su ne inda bayanai suka fi gurɓata. Yawancin iyaye ba su riƙe ranar haihuwa da lissafin Bature ba, don haka a fara neman katin riga-kafi, in babu shi a koma ga jadawalin da aka shirya tare da mai unguwa, wanda ya jera watan Azumi da Babbar Sallah da faɗuwar damina da kaka kusa da watannin Bature. Uwa kuma ba za ta ambaci sunan ɗan farinta ba saboda alkunya, kuma bai kamata a matsa mata ba. A tambayi kishiyarta ko wata 'yar gidan. Tunda a unguwa ɗaya za a iya samun Hauwa Musa uku, kowane gida da kowane yaro a ba su lambarsu. Sa'ad da za a ɗauki wurin da gidan yake a taswira, a fito tsakar gida, saboda rufin kwano yana tare siginar tauraron ɗan'adam.

Gidajen da maza ba sa shiga, ma'aikata mata ne za su shige su, bayan an sanar da dagaci. A bayyana wa matar gida abin da za a yi da amsoshinta, a nemi yardarta, a kuma kulle wayar da lambar sirri, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman.

Caji yana buƙatar ƙaramar sola a asibitin mazaɓa, kuma a kashe data lokacin aiki don batir ya kai yamma. A tsayar da ranar turawa, ko da ranar kasuwa ce, a kuma gargaɗi kowa kada ya goge manhajar ko ya kai wayar gyara alhali akwai fom ɗin da ba a tura ba. Mai kulawa ya duba abin da ya shigo a makon, ya koma wasu gidajen ya tabbatar, sannan a taron kwamitin ci gaban mazaɓa ya karanta wa masu unguwanni adadin yaran da ba su kammala riga-kafi ba a kowace unguwa, domin su ne za su yi wa magidanta magana.