Yadda Ake Mayar da Ruwa ga Ƙasar Fit a Indunusiya

Ƙasar fit, wadda ruɓaɓɓun tsirrai suka taru suka zama ita cikin dubban shekaru, tana riƙe kabon ɗinta, wato sinadarin da ke zama iska mai ɗumama duniya idan ya fita, muddin tana jiƙe. Da zarar an haƙa magudanai an tsane ruwanta, sai ta riƙa fitar da iskar da ke ɗumama duniya, wuta kuma ta ci ta daga ƙarƙashi, kamar yadda aka gani a Kalimantan, yankin Indunusiya da ke tsibirin Borneo, a 2015.

Domin mayar mata da ruwa, a fara da toshe magudanan da katako da buhunan ƙasa. Sannan a kafa bututu cikin ƙasa a riƙa auna zurfin ruwan da ke ƙarƙashi, musamman da rani, kada ya sauka fiye da santimita 40 daga doron ƙasa, iyakar da dokar Indunusiya ta gindaya. A daina ƙona gona, a shuka bishiyar sago, wadda ake samun garin abinci daga gangar jikinta, domin tana jure ruwa.