Yadda za ki shirya ƙafafunki kafin ki fara hawa sandar motsa jiki

Kusan duk macen da ta fara koyon motsa jiki a jikin sandar ƙarfe da ake kafawa a tsaye (wadda ake kira pole da Turanci), burinta ta ware ƙafafu har ƙasa kamar waɗanda take gani a Instagram. Sai ta yi makonni tana jan jijiya, ranar da aka ce ta zauna a jikin sandar ta saki hannu, kafin a ƙirga uku ta zamo ƙasa. Ƙafar da ta miƙu amma ba ta da ƙarfin riƙe ki, ba abin da za ta tsinana miki a sama. Wasa ne na ƙarfi, kuma da ƙarfin ake farawa.

Ki fara da ɗumama jiki, kada zafin Legas ya ruɗe ki. Na sha jin masu koyo suna cewa ai tun a cikin danfo suke zufa, jikinsu ya riga ya saki. Zufar go-sulo daban, ɗumin tsoka daban. Wadda ta taso daga Agege ko Idi-Araba zuwa Lekki ta yi awa biyu a zaune gwiwa a lanƙwashe, tsokar gaban ƙugunta a takure take isowa. Minti 10 ya isa: tafiya da sauri a waje ɗaya, ɗaga gwiwa zuwa ƙugu, sannan ki dafa bango ki riƙa lilo da ƙafa gaba da baya sau 15, gefe da gefe sau 15, kowace ƙafa. A wannan matakin ba a tsayawa a ja jijiya.

Daga nan sai cikin cinya, kuma nan ne mafi yawa suke faɗuwa. Zama a jikin sanda ba komai ba ne illa matse ƙarfe mai kaurin milimita 45 tsakanin cinyoyi, nauyinki duka a kansu. Tsokar nan ta cikin cinya kuwa ba ta samun aiki sosai a zirga-zirgarmu ta yau da kullum. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Ki ninka filo biyu ki sa tsakanin gwiwoyi, ki matse da iya ƙarfinki ki ƙirga goma, ki saki. Sau 10, ki huta, ki sake zagaye biyu. Kada ki riƙe numfashi. Idan wannan ya zama wasa, ki ɗaga mazaunai daga ƙasa filon na matse, ki tsaya a sama daƙiƙa biyar kafin ki sauko a hankali. Za ki ga cinyoyin suna karkarwa, filon yana neman sulɓewa, wani lokaci bayan cinya ya ɗaure. Idan ya ɗaure, ki ɗan matso da dunduniya kusa da jiki. Ba sai kin sayi ƙwallon da ake tallatawa don wannan ba, filon ɗakinki ya wadatar.

Na biyu shi ne ɗaga ƙafa da ƙarfin kanta, kuma ni a wurina wadda ba ta yin wannan ba ta fara shiri ba. Ki zauna a ƙasa, ƙafafu a miƙe, baya a tsaye, tafin hannu a ƙasa gefen gwiwoyi. Ki ɗaga ƙafa ɗaya ba tare da kin lanƙwasa gwiwa ko kin jingina baya ba. Da farko da kyar dunduniya za ta bar ƙasa, saman cinya ya riƙa murɗawa. Haka ake so. Sau takwas kowace ƙafa, sannan ki ɗan ware ƙafafun ki maimaita. A sama babu wanda zai kama miki ƙafa ya kai ta inda kike so, iya inda tsokarki ta ɗaga ta nan za ta tsaya.

Tsuguno da ɗage a kan yatsun ƙafa kowa ya san su. Sau 12 zagaye uku, gwiwa ta bi saitin yatsu, kada ta faɗo ciki.

Sai yanzu ne za ki ja jijiya, bayan jiki ya yi aiki. Ki durƙusa da gwiwa ɗaya a kan shimfiɗa mai kauri, don tayil ba ya raga wa gwiwa, ɗaya ƙafar a gaba. Ki matse mazaunai ki tura ƙugu gaba kaɗan har ki ji jan a gaban cinyar da ke baya, daƙiƙa 30. Ki miƙe ƙafar gaban, ki sunkuyo daga ƙugu baya a miƙe, daƙiƙa 30. Sannan ki zauna ki haɗa tafin ƙafafu, gwiwoyi su sauka da kansu. Kada ki yi ta dannawa kina saki, kuma don Allah kada ki bar kowa ya danna miki baya ko ya hau kan gwiwoyinki, ko da mai koyarwa ce. Na ga yarinya mai ƙwazo da ƙawarta ta danne ta don ta kai ƙasa, jijiyar bayan cinya ta samu rauni daga can sama inda ta haɗu da ƙashin mazaunai, ta yi watanni ko zama a kujerar BRT sai ta karkace. Ja a tsakiyar tsoka ba laifi. Zafi mai suka a ƙarƙashin mazaunai ko a bayan gwiwa, ki dakata nan take.

Sau uku a mako ya isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Ciwon jikin da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye zai wuce. Mai jego ko wadda aka yi wa tiyata ta fara tambayar likita.

Ranar da za ki taɓa sandar, kada ki shafa man kaɗanya ko basilin a ƙafa da hannu, fata ce ke kama ƙarfen. Shi ya sa ake barin cinya a buɗe, don haka ajin mata zalla ko cikin ɗakinki ya fi. Akwai dogon wando na musamman mai kama ƙarfe ga wadda ba ta son buɗe cinya, sai dai da tsada. Laimar Legas tana sa ƙarfe santsi, ki ajiye tsumma da sifirit kina gogewa. Jini zai kwanta a cikin cinya da ƙwauri a makonnin farko, yana raguwa. Idan a gida za ki kafa, tunda tsakanin ƙasa da rufi ake tokare sandar, silin POP ba zai ɗauke ki ba, sai rufin kankare, kuma ki girgiza sandar da ƙarfi kowace rana kafin ki ɗaga ƙafa daga ƙasa.