Yadda ake tsare ruwan randa daga ƙwayar kwalara

Da zarar damina ta kankama a yankin Haɗejiya, Auyo da Ringim, ambaliya kan kwaso ƙazantar masai da kashin bayan gari ta zuba a rijiya. Ta nan kwalara ke shigo mana gida. Ƙwayar bakteriya ce da ido ba ya gani, sunanta Vibrio cholerae, kuma daga shanta zuwa fara amai da gudawa awa 12 ne zuwa kwana 5. A 2021 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, Kano da Jigawa na cikin inda ta fi ɓarna.

Ki fara da randar kanta. Ki juye ragowar ruwan jiya, ki goge ƙasanta da soso da sabulu har santsin nan ya fita, ki ɗauraye. Idan ruwan da aka ɗebo ya gurɓace, a bar shi ya kwanta, a tace da farin ƙyalle mai tsabta. Amma fa tacewa laka take cirewa, ƙwayar tana nan. Ruwa garai-garai ma yana iya ɗauke da ita.

Sai kashe ƙwayar. A tafasa ruwan har ya riƙa ɓararraka, a bar shi a haka minti 1 cikakke. In itace ya yi wuya, a sa maganin kulorin irin WaterGuard daidai awon da ke jikin kwalbar, a jira minti 30 kafin a sha.

Inda na fi ganin aikin yana lalacewa shi ne moɗa. An tafasa ruwa an sha wahala, sai yaro ya fito daga bayan gida, ya ɗauki moɗar da ke yashe a ƙasa, ya zura hannu har wuyan hannu cikin randa. Shi kenan, an koma gidan jiya. Kuma yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga cikinsu lafiyarsu ƙalau a ido, alhali suna fitar da ita a bayan gida har kwana 10. Saboda haka a samu moɗa mai dogon mariƙi, a rataye ta a ƙusa, da ita kaɗai za a riƙa ɗiba a zuba a kofi, ba a kafa mata baki. Randa kuma kullum a rufe da faifai. A ajiye buta da sabulu a ƙofar masai, in babu sabulu toka ma ta yi.

Idan duk da haka wani ya fara gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, kada a tsaya jiran gari ya waye. A haɗa dafaffen ruwa lita 1, wato cikin leda biyu ta fiya wata, da sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi yana kurɓa, a nemi mai mashin a nufi asibiti mafi kusa. Mai shayarwa ta ci gaba da ba jaririnta nono a hanya.