Shawara ga 'yan fansho masu son fara aikin fata

Don Allah kar ku zuba kuɗin giratuti a hayar shago tukuna. Ku ɗinka jaka biyu ko uku, ku ɗauke su hoto da hasken safe, ku ɗora a WhatsApp. Duk mai so ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, da shi za ku shiga kasuwar Kurmi ta Kano ku sayo fata da zare.

Tsofaffin abokan ofis ne kwastomomin farko, lambobinsu na wayarku kuma suna da albashi, nan za ku gane kalar da ke tafiya.

Amma in hannu bai faɗa ba kar ku karɓi kuɗin kowa, ɗinki na karkacewa suna ya ɓaci. Masu "zan turo" kuwa, sai kun ga alat ku yanka fata.