Babi na 6: Yadda akawuna da yaran kanti suka haɗa kai

Darasi na 1

To iyayena da yayyena, kowa ya buɗe littafinsa ya riƙe fensir. Yau labarin ƙungiyar ƙwadago za mu karanta, wato ma'aikata su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya don neman haƙƙinsu wajen mai ba su aiki. A ciki kuma za mu koyi rubuta shekara, don a nan ne na ga yawancinku kuna tuntuɓe.

Duk kun san PZ a Sabon Garin Zariya, kullum kuna jin ƴan mota suna kiranta. To sunan kamfanin Turawa ne, Paterson Zochonis, su da John Holt da UAC su ne manyan masu kanti a zamanin mulkin mallaka. Akawu yana duƙe kan littafin lissafi tun safe, yaron kanti yana auna yadi yana jidar kaya har bayansa ya ƙage, albashi bai taka kara ya karya ba, kuma in shi kaɗai ya je ya yi kuka wa zai saurare shi?

Akawunan gwamnati ne suka fara kafa ƙungiya a ƙasar nan, a Legas, shekarar 1912.

Yanzu ku rubuta 1912. Daga HAGU ake farawa. Ɗaga hannun hagunka, Baba, yawwa wannan. Sa fensir a gefen nan ka rubuta 1, sai 9, sai 1, sai 2 a ƙarshe. Na san da yawanku karatun allo kuka fara, hannu ya saba tasowa daga dama, wannan ba abin kunya ba ne ko kaɗan, amma boko daga hagu yake tafiya. Sake: 1, 9, 1, 2. Hajiya, duba naki, in 2 ta riga 1 ta ƙarshe to 1921 kika rubuta, goge a hankali ki sake. Sannu sannu ba ta hana zuwa. Daga hagu, 1, 9, 1, 2. A rubuta sau 10 ana faɗa da baki.

Darasi na 2

A 1938 Turawa suka yi dokar da ta yarda a yi wa ƙungiyoyin ma'aikata rajista. Yaƙin Hitila ya zo kaya suka yi tsada, albashi kuma yana nan inda yake, sai a watan Yuni na 1945 ma'aikata suka shiga yajin aiki na gama gari suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, Michael Imoudu na ƙungiyar ƴan reluwe yana gaba gaba, jirgin ƙasa ya tsaya cik, kuma ku da kuka san yadda Zariya take mahaɗar layin dogo kun san abin da wannan ke nufi. Masu aikin kanti ma ba a bar su a baya ba, ma'aikatan UAC sun yi nasu yajin a 1950 ƙarƙashin Nduka Eze.

Rubuta 1945. Daga hagu: 1, 9, 4, 5.

Haba jama'a, na zagaya na ga 1954 a littafi har huɗu. Jiya jiya fa muka yi wannan! Wallahi ba don tarihi kawai nake matsa muku ba, ranar da aka miƙo maka takardar albashi ka kasa bambanta 21,000 da 12,000 ka dangwala yatsa, naira dubu tara ta tafi kuma kai ka sa hannu. Wanda bai yi aikin gida ba dan Allah ya ji tsoron Allah ya yi. Daga hagu. 4 tukuna, sannan 5.

Darasi na 3

A 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka tattara ƙananan ƙungiyoyi suka koma 42 ƙarƙashin NLC, uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, Hassan Sunmonu ne shugabanta na farko. Ta ma'aikatan kantuna sunanta NUSDE.

Rubuta 1978, ba 1987 ba. Rubuta 42, ba 24 ba. Daga hagu.

Darasi na 4

Sai da mutum 50 ake yi wa ƙungiyar ma'aikata rajista. Mafi ƙarancin albashi a dokar 2024 naira 70,000 ne.

A kwafa sau 5 a kawo ranar Asabar.